Wane irin bel ya dace da tsohuwar mota a Maraɗi?

Har yanzu akwai gidaje da yawa a Maraɗi da ba su rabu da tsohuwar motarsu ba. Wani Fijo 504 ce da mahaifinsa ya sayo daga Kaduna, inda aka fara haɗa motocin Peugeot a 1975. Wani Marsandi ce irin W123. Wani kuma akori-kura 404 ce ko Land Cruiser ta jerin 40, wadda ke kai shi gona da kasuwannin ƙauye. Masu irin waɗannan motoci ba sa ƙyashin kashe kuɗi a kan inji da fenti da sabon ɗinkin kujeru, amma da wuya ka ji mutum ya tambayi makaniki halin da bel, wato igiyar da ke ɗaure mutum a kujera, yake ciki, alhali a motar da ba ta da jakar iska mai buɗewa a karo ta tare mutum, kuma sitiyarinta da allon gabanta ƙarfe ne mai tauri, bel ne kaɗai ke tsakanin ƙirjin direba da wannan ƙarfen. Karo a gudun kilomita 50 a awa daidai yake da faɗowa daga tsayin kusan mita 10, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaura bel yana rage haɗarin mutuwar wanda ke kujerar gaba da kusan rabi.

Mai tsohuwar mota yana da zaɓi huɗu: bel na ƙugu mai maɗauri 2, bel mai maɗauri 3 da ake daidaita tsawonsa da hannu, bel mai maɗauri 3 mai naɗe kansa, da kuma bel na motocin tsere mai maɗauri 4 ko fiye. Kafin a auna su, ya kamata a san abin da ake nufi idan an ce bel ya zauna daidai a jiki, domin da wannan ma'auni ne za a gane fifikon wani a kan wani. Igiyar ƙasa dole ta kwanta a kan ƙashin ƙugu, ƙasa da mara, tana taɓa saman cinyoyi, saboda wannan ƙashin ne zai iya ɗaukar nauyin jiki idan mota ta tsaya farat ɗaya. Idan ta hau kan ciki, hanji da sauran kayan ciki ne za su ɗauki dukan. Igiyar sama kuwa ta biyo ta tsakiyar kafaɗa, ta kan ƙashin da ya haɗa kafaɗa da ƙirji, ta ratsa tsakiyar ƙirji zuwa gefen ƙugu, ba tare da ta goga wuya ko ta zame ta faɗa kan dantse ba. Jin daɗi da tsaro a nan abu ɗaya ne, domin bel ɗin da ke yankar wuya shi ne wanda direba zai tura ƙarƙashin hammata kafin ya kai Tibiri, ko ya yafa shi kawai idan ya hango shingen jandarma.

Bel na ƙugu shi ne mafi tsufa a motoci. Kamfanin Ford a Amurka ya fara sayar da shi ga mai so a tsakiyar shekarun 1950, kuma ana samun irinsa a kujerun baya na tsofaffin motoci da yawa. Amfaninsa a fili yake: yana da araha, maɗauri biyu kawai yake buƙata a daɓen mota, ba ya damun wuya, ba ya ƙara zufa a ƙirji lokacin bazara, kuma yana hana mutum fita ta gilashi ko ta ƙofa idan mota ta wuntsila, wanda ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai ƙugu kaɗai yake riƙewa. A karo, rabin jiki na sama yana lanƙwashewa gaba da ƙarfi, kai ya daki sitiyari ko allon gaba, ƙashin baya kuma ya karye a daidai inda igiyar ta riƙe. Likitoci sun san wannan karaya da sunan likitan Ingila G. Q. Chance, wanda ya bayyana ta a 1948, kuma sau da yawa tana zuwa tare da rauni a hanji. Saboda haka ban ga dalilin sa wannan bel a kujerar direba ko ta mai zaman gaba ba, matuƙar motar tana da inda za a ɗaura igiyar kafaɗa. Wurinsa shi ne tsakiyar kujerar baya da makamantan wuraren da babu ginshiƙin jikin mota a kusa, inda zaɓin ya zama ko shi ko babu komai.

Bel mai maɗauri 3 ƙirƙirar Nils Bohlin ce, injiniyan kamfanin Volvo na ƙasar Suwidin, wanda ya taɓa aiki a kan kujerun tsira na jiragen yaƙi, masu harba matuƙi waje idan jirgi zai faɗi, a kamfanin Saab. Volvo ya fara sa shi a motocinsa a 1959, sannan ya bar wa sauran kamfanoni su yi amfani da fasahar. Nau'in farko ba ya naɗewa: akwai maɗauri a ginshiƙin da ke tsakanin ƙofofi, da wani a ƙasa gefen ƙofa, da makulli a tsakiya, kuma mai zama ne ke jan igiyar ya rage ko ya ƙara tsawonta. Irinsa ne ake gani rataye a ƙugiya a cikin 404 da 504 na farko-farko.

Mutane da yawa suna raina wannan bel, kuma a ganina ba su yi masa adalci ba. Ba shi da wani inji a ciki da ƙura za ta toshe, ba ya buƙatar a kafa shi a wata kusurwa ta musamman, kuma idan an ja shi ya kama jiki yadda ya kamata, yana riƙe mutum tun daga farkon karo ba tare da ya saki ko kaɗan ba. A hanyar burji mai gargada, kamar waɗanda ake bi zuwa ƙauyukan Dakoro da Mayayi, yana manna direba da kujera, ya rage masa jijjiga da gajiyar baya. Matsalarsa tana ga ɗan Adam. Idan an ɗaure shi daidai, wato tafin hannu yana shiga tsakaninsa da ƙirji da ƙyar, direba ba zai iya sunkuyawa ya leƙa mahaɗar hanya ba, ba zai kai hannu aljihun allon gaba ba, kuma a motar da burkinta na hannu yake ƙarƙashin allon gaba sai ya kwance kafin ya kai gare shi. Abin da ke biyo baya kowa ya san shi: ana sassauta igiyar sau ɗaya, a bar ta haka har abada. Sakakken bel kuwa yana barin jiki ya yi gaba da cikakken gudunsa kafin igiyar ta fizge shi, ga kuma haɗarin mutum ya zame ta ƙarƙashin igiyar ƙugu har ta koma kan cikinsa. A gidan da maigida da uwargida da babban ɗa suke karɓa-karɓar mota ɗaya, kowa da girman jikinsa, da wuya a samu wanda zai tsaya daidaita shi duk lokacin da ya shiga. Haka kuma idan ba a rataye shi ba yana faɗuwa ƙasa, ƙofa ta datse shi, a taka shi da takalmi, har gefensa ya fara zarewa.

Bel mai naɗe kansa an yi shi ne don magance wannan. Igiyarsa tana naɗe a cikin wani ɗan akwati a gindin ginshiƙi, tana fitowa idan an ja ta a hankali, tana komawa da kanta, don haka kullum tana kwance a jiki ko mutum siriri ne ko mai ƙiba, kuma direba yana iya sunkuyawa ya dawo. A cikin akwatin akwai hanyoyin kullewa biyu: ɗaya tana jin fizgar igiyar, ɗayar kuma, wadda ƙaramin ƙwallon ƙarfe ne ko ɗan lilo, tana jin birkin mota da karkatarta. Ƙa'ida ta 16 ta Hukumar Tattalin Arzikin Turai ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda ake gwada bel da ita, ta ce kada akwatin ya kulle idan karkatarsa ba ta wuce digiri 12 ba, kuma dole ya kulle idan ta wuce digiri 27. Daga nan ne ake fahimtar ƙarfinsa da rauninsa duka. Dole a kafa akwatin a daidai kusurwar da aka ƙera shi don ita, wadda a mafi yawansu tsaye ce cak. Wanda ya kwantar da shi a daɓe ko ya jingina shi saboda ƙarancin wuri zai samu bel ɗin da ke ƙin fitowa, ko kuma, abin da ya fi muni, wanda ba ya kullewa a lokacin da ake buƙata. Akwai masu akwatin da ake iya juya ƙwallon ko lilon da ke cikinsa ya dace da kusurwar motar, kuma su ya kamata a nema idan ginshiƙin ba tsaye yake ba.

Yanayinmu ma yana da ta cewa. Ƙurar hunturu tana shiga akwatin, zufa da datti suna sa igiyar ta yi tauri, sai ta daina komawa da kyau ta riƙa lilo a gefen kujera. A hanya mai gargada yana yawan kullewa, kowace girgiza ta ƙara matse shi a kafaɗa har direba ya gaji, kuma idan an tsayar da mota a gangare ko ƙafa ɗaya ta nutse a rairayi, yana iya ƙin fitowa gaba ɗaya sai an daidaita motar. Duk da haka, ga motar da yawancin tafiyarta a kan kwalta take, cikin gari ko hanyar Damagaram ko ta Ɗan Isa zuwa Katsina, wannan bel ne na fi amincewa da shi, don shi ne kaɗai ke zama daidai a jiki ba tare da ya dogara da haƙurin mai zama ba.

Game da bel na tsere, magana kaɗan ta isa. Yana da kyan gani, kuma samari masu gyara tsofaffin motoci suna sha'awarsa, amma an yi shi ne don motar da ke da kejin ƙarfe a ciki da kujera ta musamman mai ramukan kafaɗa. Igiyoyinsa na sama ya kamata su tafi baya kusan a miƙe daga kafaɗa. Wanda ya saukar da su ya ɗaure a daɓen bayan kujera ya shirya wa ƙashin bayansa matsi daga sama a ranar karo. Mai maɗauri 4 kuma yana jan igiyar ƙugu sama zuwa kan ciki, sannan yana riƙe mutum a zaune cak idan rufin mota ya lotsa. Ga wahalar ɗaurawa a kowace tsayawa, ga toshe kujerar baya. Bai dace da motar iyali ba.

Zaɓi tsakanin nau'i biyun da suka rage ba a shagon kayan mota ake fara shi ba, a jikin motar ake fara shi. Yawancin motocin Turai da aka ƙera daga ƙarshen shekarun 1960 sun fito daga masana'anta da ramuka masu zaren noti da aka ƙarfafa don bel, ko da an cire bel ɗin daga baya. Na ga yadda wani tsohon makaniki ya nemo su a wata 504 da mai ita ya rantse ba ta taɓa yin bel ba: ya bi ginshiƙin tsakiya da babban yatsa yana dannawa a kan ledar da aka liƙa, har ya ji wani ɗan zagaye ya motsa, ya yanka wurin da reza, sai ga toshiyar roba, a bayanta kuma rami mai zare da ko tsatsa bai yi ba. Ya ɗaga darduma ya nuna na ƙasa, sannan ya ce, "Alhaji, masu ƙera ta sun riga sun yi mana aikin, kada ka bari kowa ya kawo maka walda nan." Idan an samu waɗannan ramuka, su za a yi amfani da su, domin an gwada su da nauyi mai yawa: Ƙa'ida ta 14, wadda ta shafi maɗauran bel, tana jan ɓangaren kafaɗa da na ƙugu kowanne da ƙarfin da ya kai kusan kilo 1,350 a lokaci ɗaya. Akwai wani abu da ke yawan ruɗin masu gyara: zaren waɗannan ramuka na inci ne, 7/16, ko da a motar Faransa ko ta Jamus, kuma wanda ya tura ƙusar milimita da ƙarfin tsiya zai cinye zaren, ta kama kamar ta ɗauru alhali ba ta riƙe komai ba. A yi amfani da ƙusoshin da suka zo tare da bel ɗin.

Inda babu ramukan masana'anta, kamar a wasu tsofaffin Land Rover da Land Cruiser da akori-kura, sai an huda, kuma a nan ne aikin yake buƙatar mai hankali. Daɓen mota falle ne siriri, ƙusa da noti kaɗai za su yage shi su fito. Dole a sa farantin ƙarfe ta ƙasa ya raba nauyin. Masu tsara dokokin tseren motoci suna neman faranti mai kaurin milimita 3 da faɗin da bai gaza santimita murabba'i 40 ba, kuma wannan ma'auni ne mai kyau a bi, a kuma goge kusurwoyinsa don kada su tsaga daɓen. A duba tsatsa sosai, musamman a motocin da suka shigo daga Turai ta Kwatano, inda gishirin da ake zubawa a hanyoyinsu lokacin sanyi ya riga ya ci ƙasansu, da kuma waɗanda ruwan damina ke kwanciya ƙarƙashin dardumarsu. Maɗaurin sama ya kasance daidai da kafaɗa ko sama da ita kaɗan, kuma a bayanta. Idan ya yi ƙasa zai danne kafaɗa, idan ya yi sama da yawa igiyar za ta hau wuya. Kada a ɗaura bel a jikin kujera ko a layin da take gudu a kai, sai idan masana'anta ce ta tsara hakan, kuma a tabbatar kujerar kanta tana ɗaure da kyau.

Kujera tana da hannu a yadda bel ke zama fiye da yadda ake zato. Soson da ya mutu yana nutsar da mutum, gwiwoyi su yi sama, ƙugu ya yi ƙasa, igiyar kafaɗa ta koma wuya, ta ƙugu kuma ta hau ciki. Mai ɗinkin kujera da ya cika soso fiye da kima yana jawo akasin haka, har makullin ya nutse tsakanin kujeru. Tsawon sandar makulli shi ma abin dubawa ne lokacin saye: makullin ya tsaya a gefen ƙugu, domin idan sandar ta yi tsawo har ya hau kan ciki, duk tsarin ya lalace. A akori-kura mai doguwar kujera ɗaya, makulli mai igiya da za a ratsa ta tsakanin mazauni da majingina ya fi mai sanda dacewa. Tufafinmu ma suna shiga lissafi. Babbar riga tana tara yadi a ciki da ƙirji, wanda ke sa a ga kamar bel ya kama alhali akwai sarari, don haka sai a tattare ta a sa igiyar ƙasa ta kwanta a kan wando, sannan a ja igiyar sama a cire sakin. A cire waya da biro daga aljihun ƙirji. Mai hijabi ta bar igiyar ta bi ta tsakiyar ƙirji, mai juna biyu kuma ta saukar da ta ƙasa ƙarƙashin cikin, kada ta bari ta ratsa kansa. Idan har igiyar tana gogar wuyan gajeren mutum, gyaran yana ga tsayin kujera ko na maɗauri, ba a ɗaure igiyar da ƙulli ko matsa ta da maƙali.

Saura batun sabo da na gwanjo. Bel ɗin da ya shekara 40 a mota ya sha ranar Maraɗi ta cikin gilashi, kuma hasken rana yana cinye ƙarfin zaren tun kafin ido ya ga alama; wanda ya koɗe, ko ya yi tauri, ko gefensa ya zare, ko ɗinkinsa ya fara saki, ya gama aiki. Na motar da aka wargaza yana da araha, amma babu mai iya faɗa maka ko ya taɓa riƙe mutum a karo, kuma igiyar da ta miƙe sau ɗaya ba ta sake yin aikinta yadda ya kamata. Na motocin zamani suna da wani haɗarin daban, domin tun da Marsandi ta fito da na'urar da ke fizge bel da ɗan abin fashewa a 1981, ta yaɗu a yawancin motoci, kuma tana aiki ne tare da kwamfutar motar da aka ƙera ta don ita. Haka nan ba a haɗa harshen wani bel, wato ƙarfen da ke shiga makulli, da makullin wani, ko da ya shiga ya yi ƙara, kuma ba a kai igiyar da ta tsinke wurin tela ko baduku. Sabon bel na kirki yana da ƙyalle ɗinke kusa da ƙarshensa mai harafin E da lamba a cikin da'ira, alamar ya cika Ƙa'ida ta 16, kuma faɗin igiyarsa ba ya gaza milimita 46. Wanda kuɗinsa bai kai ya canza duka ba ya fara da kujerun gaba biyu.

Idan aka sauko kan motocin da ke hannunmu, Marsandi W123 ta fito da bel mai naɗe kansa a gaba, don haka sabo irinsa za a mayar a ramukansa. Fijo 504 da 505 masu ƙofa huɗu suna da ginshiƙi mai ƙarfi da wurin kafa akwati, kuma mai naɗe kansa ne ya dace da su, har da wadda ta zo da na hannu tun asali, muddin akwatin zai tsaya a kusurwarsa kuma kujera ba za ta goge shi ba idan an tura ta baya. A 404 da akori-kura, inda wuri ya yi ƙaranci a bayan kujera, a auna kafin a saya, kuma idan akwatin ba zai tsaya daidai ba, na hannu sabo ya fi mai naɗewa da aka kafa a karkace. Land Cruiser ko Land Rover da ke yini a rairayi da gargada, kuma mutum ɗaya ne ke tuƙa ta, na hannu zai fi yi mata daɗi, da sharaɗin direban ya saba jan sa har ya kama. Yara ƙanana kuwa babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka yi don jikinsu: ƙasashen Turai suna tilasta kujerar yara ko matashin ɗagawa har sai yaro ya kai tsayin santimita 135 ko 150, gwargwadon ƙasa, kuma matashin ɗagawa yana buƙatar bel mai igiyar kafaɗa, abin da ya kamata mai iyali ya tuna lokacin da yake yanke shawara kan kujerar baya.

Bayan an gama ɗaurawa, a zauna a kujerar da tufafin da aka saba tuƙi da su, a ɗaura, a duba a madubi inda igiyar ta bi. A fizgi mai naɗewa da sauri a ga ya kulle, sannan a samu fili marar jama'a a taka birki da ɗan ƙarfi a ƙaramin gudu a ji ya kama. Makullin ya buɗe da dannawa ɗaya ko da ana jan igiyar. Idan ta yi datti, a zaro ta duka a wanke da ruwa mai ɗumi da sabulu marar ƙarfi, ban da fetur ko sinadarin cire launi, a bar ta ta bushe a inuwa kafin a bari ta koma cikin akwatinta.